Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dattawan Ikilisiyarmu da Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukumarmu: Kada a Rushe Azuzuwan Baba Malam

Iyayenmu dattawan ikilisiya, Baba Fasto, 'yan kwamitin kula da makaranta, da mai girma sakataren ilimi na ƙaramar hukumarmu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina kuma gaida iyayenmu Musulmi da ke cikin kwamitin makaranta da ofishin ilimi, da fatan kowa da iyalinsa suna lafiya. Yaya muka ji da haƙurin rashin Baba Malam? Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya ta'azantar da Mama da 'ya'ya da jikoki.

Ni 'yarku ce, a gabanku na tashi, kuma ban rubuto da bakina ni kaɗai ba. Bayan an kai Baba Malam makwancinsa, mu tsofaffin ɗalibansa mun zauna a gindin tsamiyar makaranta har rana ta faɗi. A cikinmu akwai fastoci da malaman asibiti da manoma da direbobi da tsofaffin sojoji, akwai kuma limamin masallacin kasuwa, wanda shi ma a hannun Baba Malam ya koyi baƙaƙen boko. Su ne suka ɗora mini wannan rubutu, domin ni ma alli na riƙe har na yi ritaya. Sau 2 muka aiko muku da takarda a rufe, ba mu ji amsa ba. Shi ya sa muka fito fili, ba don raini ba.

Abin da ya tashe mu shi ne sanarwar da aka yi a majami'a bayan sujada, cewa an yanke shawarar rushe tsofaffin azuzuwa 2 na bakin hanya a gina shaguna a wurin, kuma wai ofishin ilimi bai ƙi ba. An yi sanarwar ne tun ƙasar kabarin wanda ya gina azuzuwan ba ta gama kwanciya ba.

Ku yi mini haƙuri in ɗan tuna muku ko wane ne shi, saboda matasan da za su karanta wannan wasiƙa, waɗanda suka san shi tsoho mai sanda kawai, mai zama a bencin gaba ranar Lahadi. Baba Malam yakan ce shi tsaran Littafi Mai Tsarki na Hausa ne, wanda aka buga cikakkensa a 1932 bayan doguwar wahalar fassara ta su Likita Mila, ɗan mishan na Wusasa. Ya haura shekara 90 a duniya. A zamanin ƙuruciyarsa, ɗan Arewa Kirista mai son malanta sai ya nufi irin su Wusasa ko Kagoro ko Gindiri. Shi Kagoro ya tafi. Ya sha ba mu labarin yadda ya taka da ƙafa zuwa tasha, ya hau jirgin ƙasa ta Kaduna zuwa Kafanchan da akwatin katako a ka, ya dawo da takardar shaidar malanta, daga baya ya ƙara ya sami mai daraja ta 2. An yi masa tayin aiki a birni. Ya ce garinsu ba mai karanta wasiƙa, ya dawo gida. Da safe yara, da yamma ajin manya na yaƙi da jahilci, ranar Lahadi makarantar Lahadi da ajin baftisma, ga gona, ga rubutun ikilisiya, domin shi ne magatakarda shekaru masu yawa. A gida kuwa, shi da Mama sun wuce shekara 60 tare. Sun riƙe nasu 'ya'ya, sun riƙe 'ya'yan dangi da na ƙauyukan kewaye waɗanda makaranta ta yi wa nisa, tukunya ɗaya, tabarma ɗaya, addu'ar asuba ɗaya. Da idon Mama ya fara rauni, mun gan shi da tsufansa yana riƙe da hannunta zuwa majami'a, yana karanta mata aya a hankali domin ta bi.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, a kan azuzuwan ne.

Waɗannan ɗakuna ba gwamnati ce ta gina su ba, ba kuma mishan ba. Iyayenmu ne suka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa daga rafi, Baba Malam ya tsaya a kai har aka ɗora azara. Jinka ce a kansu da fari. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, makarantarmu ta koma hannun hukumar ilimi, fili kuma ya zauna na ikilisiya. A tsakiyar shekarun nan, da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, abokan aikinsa wasu suka sayi babur, wasu rediyo, kuma ba laifi suka yi ba. Shi ya sayo kwanon rufi ya rufe azuzuwan, ya ci gaba da hawa tsohon kekensa. Da aka ce masa ai makarantar ta gwamnati ce yanzu, sai ya ce yaran da ruwa ke duka a ciki na garinmu ne. Ba a daɗe ba, a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka yi hasashe a duk ƙasar. Garuruwa da yawa a gindin bishiya suka karɓi nasu. Mu muna da ɗakin da ba ya yoyo.

Mun yarda ginin ya tsufa. Bangon yamma ya tsage, tagogi sun fita, kwano ya yi tsatsa. Amma tsufansa ba daga sama ya faɗo ba. Shekara da shekaru in aka kai kuka ofishin ilimi sai a ce fili na ikilisiya ne, in aka kawo wa dattawa sai a ce makaranta ta gwamnati ce. Ginin ya zama marayan da ke da uba 2. Yau da maganar shago ta taso, sai ga shi ɓangarorin sun daidaita cikin mako guda. Wannan ya yi mana zafi, iyayenmu, kuma gara mu faɗa.

Ku duba abin da zai biyo baya. Har yanzu 'yan aji 1 da aji 2 a cikin ɗakunan nan suke karatu. Sanarwar ba ta ce ga inda za a kai su ba. Sauran azuzuwan sun riga sun cika, yara na zaune a ƙasa har bakin allo. Ko dai a cusa ƙananan a cikinsu, ko a fitar da su gindin tsamiya, inda damina za ta kore su, hunturu ya hana su riƙe fensir. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san aji 1 da aji 2 su ne tushe. Yaron da bai kama haɗa baƙi da wasali a nan ba, zai kai aji 6 yana kwafar allo ba tare da ya san abin da yake rubutawa ba, kuma na ga irinsu da yawa a shekarun aikina. Sa'an nan shaguna a ƙofar makaranta na nufin babura da masu lodi da baƙin da ba a sani ba suna kai da kawo a inda 'yan shekara 6 ke tsallaka hanya. In kuma fili ya tafi ga haya, ya tafi ke nan. Ranar da aka samu kuɗin gina sababbin azuzuwa, ba inda za a dasa su.

Mun ji dalilin, cewa ikilisiya na bukatar kuɗin shiga, baiko ya ragu, komai ya yi tsada. Gaskiya ne, mu ma a cikin tsadar muke. Amma ikilisiya na da wani fili ta gefen kasuwa wanda ba a yin komai da shi sai ɗaure dabbobi ranar kasuwa, kuma can ne ma ciniki yake.

Akwai kuma abin da ke cikin ƙaramin ɗakin ajiya da ke manne da aji 1, wanda ban ji kowa ya ambata ba. Akwatin ƙarfe ne. A cikinsa akwai rajistar shiga makaranta tun daga ɗaliban farko, da littafin da hedimasta ke rubuta abin da ya faru kowace rana, da tsofaffin rajistocin baftisma da na aure, duk da rubutun hannun Baba Malam, mai tsabta kamar bugun inji. Yawancinmu a gida aka haife mu, ba mu da takardar haihuwa ta asibiti. Ni kaina da na je gyaran takardun ritaya aka ce shekaruna sun saɓa, wurinsa na zo. Ya sa aka buɗe akwatin, ya nuna mini sunana da na mahaifina da ranar da aka kawo ni makaranta. Da wannan na tsira. Mutane nawa ne a garin nan suka sami lambar katin ɗan ƙasa ko takardar shaidar gama firamare ta hanyar akwatin nan? In lebura suka shiga da diga, aka fitar da takardun aka jibge a wani lungu, gara da ɓera za su gama da su kafin shekara. Abin da aka rasa a nan ba a sayo shi a kasuwa.

Kukanmu na 2 ya fi shafar ofishin ilimi, ranka ya daɗe sakatare. Mun san ba kai ka fara ba, tarar da shi ka yi, amma kujerar a hannunka take.

Baba Malam ya yi ritaya ne a tsohon tsari, bayan shekara 35 yana aiki, tun kafin dokar fansho ta 2004 mai tsarin adashi. Garatutinsa gutsi-gutsi aka biya shi, har ya bar duniya da saura. Fanshonsa kuwa ya tsaya wuri ɗaya kamar an kafa masa turke. Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Abin da ke shiga hannun Baba Malam a wata bai isa ya saya masa maganin hawan jini na watan ba. 'Ya'yansa ne da wasu ɗalibansa suka riƙe shi. Yaya tsohon malamin da ba shi da masu riƙe shi?

Ga kuma tantancewa. Ba mu ƙi a tantance ba, domin mun san akwai masu cin kuɗin matattu. Amma ni na raka shi ta ƙarshe da ya je. Muka ɗora dattijon da ya kusa 90 a kan babur, daga nan mota, muka isa tun da safe, ya zauna a kan dakali cikin rana tare da tsararrakinsa har bayan azahar, sa'an nan aka ce mai ɗaukar hoto bai zo ba, a dawo gobe. Matashin da ya faɗa mana haka, kakansa ɗalibin Baba Malam ne. Baba Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce mini, "'Yata, mu tafi, gobe ma rana ce." A mota ya yi ta haki har na tsorata. Tun da ya rasu an tsayar da kuɗin gaba ɗaya, ba wanda ya zo ya yi wa Mama bayanin abin da ya rage nata da yadda za ta karɓa. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 ta aiki, domin a nuna malanta na da daraja. Madalla da ita. Sai dai matashin da ke tunanin shiga malanta ba dokar yake kallo ba, tsohon malaminsa yake kallo a kan dakali.

Na 3, na dawo gare ku, iyayenmu na ikilisiya, kuma da nauyin baki nake faɗa. Jana'izar Baba Malam ta yi kyau. An kafa rumfuna, an yi anko, zumuntar mata sun kwana suna waƙa, manyan baƙi sun yi jawabi. Amma a shekaru 2 na ƙarshe da ƙafa ta hana shi zuwa majami'a, sau nawa aka kai masa Jibin Ubangiji gida? Mama ta ƙirga, ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba. Mutumin da ya koya wa rabin majalisar dattawa karatun baftisma yakan sa a zaunar da shi a ƙofar gida ranar Lahadi domin ya jiyo waƙa daga nesa. Ba ku kaɗai ne da laifi ba. Mu ma ɗalibansa mun yi sakaci, wasunmu sai da muka ji rasuwa muka tuna hanyar gida, kuma mun roƙi Mama gafara. Wasiƙar Yakubu ta ce addini na gaskiya shi ne a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Mama tana nan da rai, ba ta gani sosai, mai riƙe hannunta ya tafi.

A wurin jana'izar ma an yi alkawari a lasifika, gaban jama'a, cewa za a sa wa makaranta wani abu da sunansa. Maganar ba ta sake tashi ba.

Na ƙarshe shi ne ajin yamma. Tun da ƙarfinsa ya ƙare ajin karatun manya ya mutu, ba wanda ya gaje shi. Yau a majami'armu akwai matasan da ba sa iya bin littafin waƙoƙi da Hausa, Turancin ma bai zauna ba. Akwai matan aure da ke miƙa wayarsu ga yaro ya karanta musu saƙon banki. Mahaifiyata a ajin Baba Malam ta koyi rubuta sunanta tana da 'ya'ya 4, kuma daga ranar ba ta ƙara dangwala yatsa a takarda ba. Ita ce ta tsaya mini da aka so cire ni daga aji 5 a yi mini aure. Ita da Baba Malam, wanda ya yi sawu 3 gidanmu, yana zama a zaure da mahaifina har dare, bai taɓa yi masa faɗa ba, lallashi kawai, har ya yarda.

Saboda haka ga roƙonmu, kai tsaye.

Ku dakatar da rushe azuzuwan nan, ku kira taron gari wanda iyayen yara da malamai da tsofaffin ɗalibai za su halarta, Kirista da Musulmi, domin makarantar ta kowa ce. A kawo magini mai gaskiya ya duba ginin. In ya ce zai gyaru, mu tsofaffin ɗalibai mun ɗauki nauyin kwano da tagogi da ƙofofi, mun riga mun fara karo-karo. In ya ce ba zai gyaru ba, to a rushe, amma aji za a mayar a wurin, ba shago ba, kuma kada a taɓa bango sai an nuna inda yara za su zauna. Shagunan a kai su filin gefen kasuwa.

Ikilisiya da ofishin ilimi su zauna su rubuta a takarda wa ke da fili, wa ke da gini, wa zai riƙa gyara, kowa ya sa hannu, a ba mai gari kwafi. Ranka ya daɗe sakatare, muna kuma roƙon ka sa makarantarmu cikin jerin da za ka tura wa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha domin ƙarin azuzuwa.

A fitar da akwatin takardu yau, kafin gobe, a gaban shaidu. A cikin 'ya'yanmu akwai masu aikin kwamfuta da suka yarda su ɗauki hoton kowane shafi kyauta. Rajistocin makaranta su zauna a ofishin hedimasta, na baftisma da aure a wurin Baba Fasto, kowane ɓangare ya riƙe kwafin na ɗaya.

A binciko fayil ɗin Baba Malam, a lissafa ragowar garatutinsa da bashin fanshonsa, a turo ma'aikaci har gida ya yi wa Mama da 'ya'yanta bayani, a biya ta tana raye. Tsofaffin malamai da suka wuce shekara 80, ko waɗanda ciwo ya kwantar, a riƙa zuwa gidajensu ana tantance su. A garinmu da ƙauyukan kewaye sauransu ba su da yawa, babur ɗaya zai zagaye su a yini guda, kuma za mu ba da wanda zai nuna hanya.

Majalisar dattawa ta tsara masu kai Jibi da ziyara ga tsofaffin da ba sa iya fitowa, a rubuta sunayensu, a riƙa karantawa a majami'a domin kada a manta da kowa. A fara da Mama.

A sake buɗe ajin yamma a cikin ɗakin da ya koyar, a sa masa sunansa, alkawarin jana'iza ya cika ke nan. Ba ma neman gunki ko allon marmara. Mu 3 da muka yi ritaya daga koyarwa mun yarda mu riƙa karɓa-karɓa ba tare da an biya mu ba. Abin da muke bukata izini ne, da alli, da fitila mai amfani da hasken rana.

Muna roƙon ku ba mu amsa a rubuce kafin yara su dawo hutu, domin mun ji an ce a cikin hutun ake son fara aikin. Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada wakilanmu za su tsaya a ƙofar majami'a su gaishe ku, ranar Litinin kuma su zo ofishin ilimi. Makullin akwatin yana wurin Mama. Baba Malam ya ba ta shi kafin ya kwanta ciwon ƙarshe, yana ɗaure a bakin zanenta, ta ce a faɗa muku duk ranar da kuka shirya ku aiko.

Allah ya ƙara muku lafiya da hikima, ya taya ku riƙon jama'a.

'Yarku,
a madadin tsofaffin ɗaliban Baba Malam na gida da na waje.